Harafi Ɗaya Tsakanin Waya da Saniya

Shekarar da Chana za ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya. A Beijing za a yi guje-gujen, mu muna Guangzhou, tafiyar kwana guda a jirgin ƙasa, amma mu muka fara gudu. Da can in bizarka ta kusa mutuwa sai ka tsallaka Hong Kong, ka sha shayi, ka dawo da sabon hatimi. Wannan shekarar aka ce a'a, kowa ya koma ƙasarsu ya nemo. 'Yan sanda suka fara hawa benaye a unguwarmu ta Xiaobei suna ƙwanƙwasa ƙofa, mutanen da muke cin tuwo tare a titin Huanshi Lu suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ka tambayi wane, a ce ai ya tafi gida, kayansa suna sito.

Tawa takardar tana da sauran rai. Ta ƙanena ce matsalar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara goma sha huɗu, kuma ni na kawo shi don ya taya ni sayen wayoyi da caja da batir muna tura wa mutanenmu na Kano. A lokacin ya haura talatin, yana da mata da 'ya ɗaya a gida. Ya gama sakandare, ya zauna jarrabawa sau uku, sau ukun nan kemistiri na kayar da shi, sai ya haƙura da jami'a ya kama kasuwa. In aka kore shi ba shi da wurin komawa, don rumfarsa ya sayar kafin ya taho, kuma ni na ce ya sayar. Saura masa sati uku.

Wani ɗan Gana mai tura kaya, wanda ya riga mu zuwa garin, shi ya ba ni dabara. Ya ce bizar ɗalibi ita ce magani, duk wanda makaranta ta ɗauka ba a taɓa shi. Ajin koyon yare kam ya riga ya cika da alhazai masu furfura suna gyangyaɗi. Na ce to, tunda karatu za a yi, a yi mai amfani. Ya koyi gyaran waya.

Waya a yarensu "shoji" ake ce mata. Shekara shida ina faɗar kalmar nan ana ba ni waya, ban taɓa samun matsala ba. Abin da ban lura ba shi ne, in ka tsaya a shagon waya ka buɗe baki, ko tari ka yi waya za a miƙo maka. Ashe bakina yana cinye harafin tsakiya. Ashe kuma akwai wata kalma zaune kusa da ita, "shoyi", ita kuwa likitan dabbobi take nufi.

'Yar laoban ɗina na tambaya, wato 'yar mai shagon da nake saye a wurinsa, don ita tana jami'a, ta san makarantu. A bakin titi muka haɗu, ba a shago ba, babu waya ko ɗaya a kusa da za ta cece ni. Na ce mata ƙanena yana so ya yi karatun shoji. Ta sake tambayata sau biyu. Ta ɗora yatsu biyu a kanta, na ce eh, har da eriya. Ta ce "wang wang", na ɗauka ƙarar kira take kwaikwaya, na ce eh, har da wannan. Sai daga baya na ji ashe haka karen Chana yake haushi. Ta dube ni da wata irin girmamawa da ba ta taɓa yi min ba, ta rubuta min adireshi a bayan rasit.

Washegari muka hau tasi. Muka yi ta tafiya har benaye suka fara gajarta. Da muka shiga ƙofar makarantar wani wari ya tare mu, ƙanena ya ce, "Yaya, nan wurin kamar kara." Kasuwar shanu yake nufi. Na ce masa 'yan Chana ba sa ɓarnar fili, duk inda ka ga makaranta to bayanta gona ce.

A ofis wata mata ce mai tabarau, tana da ɗan Turanci kaɗan. Ƙanena ya fi ta Turanci, kuma da na bar shi ya yi magana da maganar ta ƙare a minti biyu. Amma ni ne babba, ni na daɗe a garin, sai na tura shi ya je ya ɗauko hoto a ƙasa. Na ajiye mata takardar sakandarensa. Ta sa yatsa a kan bayoloji ta ɗaga min babban yatsa. Ta sa a kan kemistiri ta girgiza kai. Da hannu da zane da ɗan abin da nake ji ta fahimtar da ni cewa da wannan takardar ba zai shiga jami'a kai tsaye ba, sai ya yi shekara ɗaya ta share fage, irin abin da a gida ake ce wa rimediyal. Yare, bayoloji, kemistiri. In ya ci, ya wuce jami'a, biza ta ci gaba. In ya faɗi ko ya daina zuwa, biza ta mutu. Kuma sai an sami wanda zai tsaya masa ya sa hannu, yanzu da kuma ƙarshen shekara. Na sa hannu. Na ɗan yi tunanin me ya haɗa bayoloji da waya, sai na ce wa kaina ai boko haka yake, sai an zagaya da kai kafin a kai ka inda za ka. Ƙanena ya dawo da hoto, aka nuna masa layi, ya sa hannu a ƙarƙashin rubutun da duk cikinmu ba mai iya karantawa. Cikin sati biyu aka buga masa biza. A gidan abinci na riƙa ba mutane shawara.

Wata biyu na farko yare kawai aka koya musu. Kullum da yamma ya dawo ya zauna a bakin katifa yana maimaitawa: saniya, doki, akuya, kaza, agwagwa, alade. Sati na uku ya ce min har yau ba a koya musu yadda ake cewa batir ba. Na ce masa kowane yare daga dabbobi ake fara shi, ni ma ɗan zaman da na yi a firamare abin da na tuna shi ne hoton akuya da na zakara. Ya ce to amma jiya an koya musu hanji. Na ce ai waya ma tana da kayan ciki.

Da aka fara wasannin kasuwa ta mutu, muka koma zaman gidan abinci muna kallon talabijin. Ranar da aka nuno tsallen dawakai, wanda a nan kusa da mu Hong Kong aka yi shi, ƙanena ya tashi ya je gaban talabijin yana nuna ƙafar doki yana kiran sunan kowace gaɓa da yarensu. Matar da ke kawo mana shayi ta tsaya da buta a hannu tana kallonsa. Mutane suka ce masha Allahu, makarantar nan tana koyarwa da zurfi. Na ce ai ni na zaɓa.

Bayan nan aka raba musu kayan aiki. Ya shigo da leda babba ya zazzage a tsakar ɗaki. Babu sukundireba. Akwai farar riga, na ce haka ma'aikatan masana'antar waya suke sawa. Akwai dogon takalmin roba, na ce saboda wutar lantarki. Sai ya ɗago wata safar hannu ta leda, ya zura, ta wuce gwiwar hannu, ta wuce damtse, ta tsaya a kafaɗa. Na karɓa na juya ta, na sake juyawa. Na daɗe ina kallonta. Na ce wataƙila har janareta za su koya musu.

Cikin azumi ne ya dawo ana saura kaɗan a sha ruwa. Ya zauna bai cire takalmi ba, ya riƙe hannunsa na dama nesa da jikinsa kamar na aro ne.

"Yaya, me ka ce wa matar nan ta ofis?"

"Shoji."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ya rufe ido.

"Yaya, yau hannuna ya shiga cikin saniya har kafaɗa."

"Ta baki?"

"Ba ta baki ba."

Kunu yana hucewa a tsakaninmu. Can sai ya tambaye ni ko azuminsa yana nan. Na ce yana nan, ai kai ka shiga, ba abin da ya shige ka, in akwai wadda za ta yi tambaya to saniyar ce. Bai yi dariya ba. Ya bayyana min kalmomin biyu, ya faɗe su a jere sau uku, ni dai kunnena abu ɗaya yake ji. Da aka sha ruwa da hagu ya ci abinci, ban hana shi ba. Muna gamawa, yana kallon bango, ya ce saniyar tana da ciki, ya taɓa ɗan da yatsunsa, wani abu mai santsi yana zillewa. Na ce Allah ya sauke ta lafiya, gobe za mu koma ofis.

Mun koma. Wannan karon shi ya yi magana. Matar ta saurare shi, ta dube ni, ta ce in faɗi kalmar. Na faɗa. Ta cire tabarau ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna rawa, sannan ta kira wata daga ofishin kusa ta ce in sake. Da suka gama share hawaye ta ce "meyo", wato babu. Babu canji, babu gyaran waya a makarantar gaba ɗaya, biza kuma a kan wannan karatun aka buga ta. Ko ya zauna da shanu, ko filin jirgi.

Labari bai kwana ba. Kafin Juma'a duk Xiaobei ta ji. Aka daina kiran ƙanena da sunansa, ya koma Likita. Ɗan Ganan nan in ya hango mu sai ya ɗora yatsu biyu a ka. Wani mutumin Maraɗi ya kawo masa matacciyar waya a tafin hannu ya ce kwana biyu ke nan ba ta cin ciyawa. Ni kuma duk wanda ke neman tafinta sai a ce ya zo wurina, amma ya yi hankali, zai iya zuwa sayen firij ya dawo da raƙumi. Na haƙura. Abin da ya fi damun ƙanena shi ne alade, don a makarantar nan alade shi ne babban baƙo, rabin littafin nasa ne. Bayan sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng muka tare wani dattijo malami daga zangon Kumasi, ɗan kasuwa ne shi ma, muka ja shi gefe. Ya saurara yana shafa gemu. Ya ce ci aka hana, wanda ya taɓa don magani ya wanke hannu, kuma mai jin ƙan dabba mara lafiya ba ya rasa lada. Ya ƙara da cewa kada dai ya fara kawo aikin gida.

Ni na ɗauka zai riƙa zuwa ne a ga fuskarsa kawai, ya lallaɓa har a sassauta biza. Sai na ga ɗakinmu ya fara canzawa. Bango ya cika da zanen ƙasusuwa. Ya aro wata saniyar roba da ake buɗe cikinta a ciro tumbi, ya ajiye ta a kan firij, kullum na tashi sallar asuba ita nake fara gani. In na aike shi ya sayo kaza, sai ya shafe awa guda yana buɗe ta a hankali da reza yana duba littafi, ni ina zaune da albasa a yanke ina jira. Kemistiri kuwa, wanda ya kayar da shi sau uku da Turanci, ga shi ya biyo shi har Chana ya canza yare. Malamarsu wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce mai kaushin hannu, Laoshi suke ce mata, wato malama. Ita take tsayar da shi bayan an tashi ta ƙara masa awa ɗaya. Da ya dawo kansa yana hayaƙi, ga kaya suna jirana a kasuwar Liwan ba mai taya ni ɗauka.

Da aka gama wasanni aka kwashe tutoci, sai aka fara jin wane ya dawo, wane ma ya dawo. Ɗan Gana ya ce min hanya ta fara buɗewa, in ƙanena ya je gida ya dawo zai iya samun bizar kasuwanci. Ran nan na ce masa to wasa ya ƙare, ya mayar musu da saniyarsu ya dawo aiki. Ya ce a bari dai a gama shekarar. Na tambaye shi in an gama sai me. Ya yi ta murza yatsu, sannan ya ce in ya ci, yana so ya wuce.

"Ka wuce ina?"

"Jami'a, Yaya."

Na ce masa ni ban kawo shi Chana don ya riƙa leƙa bayan shanu ba, kuma takardar ƙarshen shekara sai da hannuna, hannun kuwa ba zan sa ba. Shi ba ya mayar min da magana, tun yana yaro. Ya tashi ya wanke kwanuka, ya koma kan littafinsa. Muka yi kusan wata biyu a ɗaki ɗaya, magana ba ta wuce ina makulli, an kawo wuta, ka ci abinci.

A haka babbar sallah ta same mu. Wani babban Alhaji a cikinmu, mai sayen leshi da shadda, ya yi layya da sa a wani fili bayan gari inda ake yarda a yi yanka, ya gayyace mu duka. Mun kai mu ashirin. Yawancinmu ba mu karya ba, don a gida haka muka taso, ranar layya da hanta ake karyawa. An tashi tun asuba, an yi Idi, an sha doguwar mota, rana ta take. Gawayi ya kama, wani ya kwance ƙullin yajin da aka aiko masa daga Kano, ƙamshinsa kawai ya isa ya sa mutum kuka. Aka feɗe sa, aka buɗe ciki, aka ɗago hanta aka sa a faranti. Mutum ashirin suka matso.

Ƙanena ne ya karɓi farantin don ya kai wurin wuta. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya danna hantar da yatsa, ya juya ta, ya ce a dakata.

Alhaji ya ce, "Likita, kai mana wuta, ba aji muke ba."

"Alhaji, a gafarce ni, wannan hantar ba za a ci ba."

Sai kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Wani ya ce wata shida kacal da fara boko har ya fara hana mutane sunna. Wani ya ce a karɓe farantin. Mutumin Maraɗi ya ce shi tun kakansa ake cin hanta ba a taɓa neman izinin ɗan makaranta ba. Aka juyo kaina aka ce in yi wa ƙanena magana. Na buɗe baki zan yi, sai na ga ya rungume farantin a ƙirji, jini yana ɗiga a sabuwar shaddarsa, ya miƙa hannu ya ce a ba shi wuƙa. Mahaucin ya ba shi. Ya durƙusa, ya nuna mana wasu fararen jijiyoyi masu kauri da suka ratsa hantar, ya yanka ɗaya a gicciye, ya matsa da babban yatsa. Wasu abubuwa suka fito, masu faɗi kamar ƙananan ganye. Ɗaya ya miƙe ya lanƙwashe a kan wuƙar.

Mutumin Maraɗi ya ce ai wuta tana kashe komai, amma ya faɗa ne yana ja da baya. Ƙanena ya ce gaskiya ne wuta za ta kashe su, sai dai hantar ta riga ta lalace, kuma ya san yadda muke gasa hanta in muna jin yunwa, nuna mata wuta kawai ake yi. Alhaji, wanda fuskarsa ta canza, ya tambaya ko layyarsa ta yi. Malamin Kumasi yana wurin, ya ce ta yi, aibin da ke ɓoye a ciki ba laifin mai yanka ba ne. Sai Alhaji ya juya ga ƙanena ya tambaye shi sauran naman fa. Ƙanena ya naɗe hannun riga ya bi san nan gaba ɗaya, huhu, zuciya, ƙoda, ya tsaga nan ya leƙa can, mutum ashirin masu yunwa suna biye da shi a baya kamar ana rakiyar gawa. Ya miƙe ya ce sauran lafiya lau. Da ƙoda da zuciya muka karya. Kafin mu tafi ya roƙi kwalbar lemon da wani ya shanye, ya wanke, ya tsince tsutsotsin ya zuba, wai zai kai wa Laoshi. A mota ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi sai ni, ni ma don babu wata kujerar.

Na yi ta kallon hannunsa a kan kwalbar. Shekara ɗaya yana aiki da ni, in ya buɗe bayan waya sai ƙusa ta faɗi mun shiga nema a ƙarƙashin tebur. Yau ya riƙe wuƙa a gaban dattawa ashirin da suke masa ihu, hannun ko rawa bai yi ba. Ban ce masa zan sa hannu ba. Na dai daina cewa ya mayar da saniyar roba.

Jarrabawa ta zo da damina, lokacin da garin yake zama kamar tukunyar dambu. Ya ci yare, ya ci bayoloji da kyau. Kemistiri ya tsaya a bakin layi, bai faɗi ba bai haye ba. Laoshi ta shiga ta fita aka ba shi damar sakewa bayan sati biyu, sau ɗaya tak. In ya faɗi, shi ke nan, ba jami'a ba biza. Ya dawo ɗaki ya zauna a ƙasa ya ce wannan karo na huɗu ke nan, shi da kemistiri ba su da rabo da juna. Na ce masa ya tashi ya daina min zancen banza, ni ban sha zagin garin nan shekara guda don ya faɗi da maki kaɗan ba.

Sati biyun nan ban bar shi ya taka sito ba. Ni na yi girki, ni na yi wanki. Ya yanka kwali ƙanana, gaba tambaya baya amsa, ya ce in riƙa ɗaga masa yana amsawa, ni kuma in duba bayan in gaya masa ko ya yi daidai. Na riƙa ɗagawa, duk abin da ya faɗa in ce daidai. Kwana uku muna haka yana jin daɗi, har ya gwada ni ya amsa wata tambaya da "tuwon shinkafa", na ce daidai. Daga nan aka sauke ni daga malanta, aka bar min ɗaga kwali kawai, shi ya zagayo ya duba da kansa.

Ranar sakamako na raka shi. Na tsaya a waje kusa da garken awaki, ni da su muna kallon juna. Ya fito da takarda biyu a hannu, bai yi murmushi ba har ya iso kusa. Ya ce ya haye. Na ce to. Ya miƙo min takarda ta biyu, ya ce wannan ce ta mai tsaya masa.

Muka shiga ofis. Na ce wannan karon ba zan sa hannu a kan abin da ban ji ba, ya karanta min ita layi-layi da Hausa. Ya karanta. Da ya zo wurin tsawon karatun sai muryarsa ta yi ƙasa, na ce ya ɗaga. Ya ce shekara biyar. Na tambaye shi matarsa ta sani. Ya ce ta sani, ta ce muddin akwai "likita" a cikin sunan ya yi, sauran bayanin ba sai maƙwabta sun ji ba.

"Yaya, in ka ga ba zai yiwu ba..."

"Miƙo biro."

Na sa hannu a wuri uku. Matar mai tabarau ta buga jan hatimi, ta ce min wani abu mai tsawo tana murmushi. Ban tambayi fassara ba.

Da aka koma karatu ya tare a ɗakin kwanan ɗalibai, don jami'ar ba ta son masu zuwa daga nesa. Ya bar min ɗaki da sito da hawa bene da kwalayen batir, waɗanda duk wanda ya taɓa ɗauka ya san ba su da tausayi. Wata na biyu ina lodin kwantena, na sunkuya ɗaukar kwali, bayana ya ce ƙas ya riƙe. Sai da mutum biyu suka kai ni ɗaki. Na kwana uku a ƙasa ina kallon silin.

Ranar Juma'a ya zo duba ni da jakarsa. Na ce masa tunda an ce likita ne, ya duba min bayan nan. Ya ce shi wata biyu kawai ya yi a jami'a, kuma ba na mutane yake karanta ba, in je asibiti. Na ce ba inda za ni, ƙashi ai ƙashi ne. Ya taimaka min na miƙe, ya zagaya bayana, ya danna nan ya danna can, ya ja da baya yana karkata kai. Ya ce a tsaye ba ya gane komai, duk abin ya juye masa.

"To yaya za a yi?"

"Ni masu ƙafa huɗu na sani, Yaya. Sai dai ka durƙusa."

Na ce ya rufe ƙofa tukuna, ya sa sakata.